Martani: Komancin fim daban, Komancin tarihi daban

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanan baya a kan rashin tsaro da rikicin manoma da makiyaya, inda ya ɗauko tarihin mutanen Komanci na ƙasar Amurka ya kafa hujja da shi. Ba zan kama sunansa ba, ra'ayinsa nake so mu duba. A taƙaice cewa ya yi Komanci wasu Indiyawan daji ne, ba gari ba sarki, ba su da sana'a sai hari da satar dabbobi da kwashe mata da yara. Wai an yi ta lallashinsu ba su ji ba, sai da gwamnatin Amurka ta cire tausayi, ta karkashe dawakansu da namun dajin da suke ci, ta tattara su a waje guda ta killace, sannan ƙasa ta zauna lafiya. Daga nan sai ya ce haka ya kamata mu yi da masu yawo da dabbobi a dazukanmu.

Malam, na gane zafin da ya sa ka ɗauki alƙalami. Wanda ya ga abin da ake yi wa mutanen Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, ko manomin Guri da Kirikasamma da ya wayi gari ya tarar an cinye masa wahalar shekara, ba zai ga laifinka don ka fusata ba. Sai dai Komancin da ka kawo mana na fim ɗin kaboyi ne, irin wanda iyayenmu suka kalla a gidajen silima na Rex da Palace da Plaza a Kano, inda za a ga wasu masu fenti a fuska sun ɓullo daga bayan dutse suna ihu, John Wayne ya bi su da harbi ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo na tafi. Wanda ya ci yaƙin shi ya shirya fim ɗin, kuma da kuɗinmu muka sayi tikiti muka haddace labarinsa.

Asalin Komanci reshe ne na al'ummar Shoshone, can wajen duwatsun jihar Wyoming ta yanzu. A ƙafa suke yawo, karnuka ke ja musu kaya. Sifaniyawa ne suka kai doki nahiyar, kuma bayan tawayen da mutanen Pueblo suka yi a 1680, wanda ya fitar da Sifaniyawa daga Sabuwar Meksiko har shekara 12, dawakai suka bazu a hannun 'yan ƙasa. A 1706 sunan Komanci ya fara fitowa a takardun Sifaniyawa. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya suka ture Apache daga filayen kudu, suka mallaki yammacin Teksas da yammacin Oklahoma da gabashin Sabuwar Meksiko da sassan Kansas da Kolorado, ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu 600, wato wajen kashi biyu cikin uku na Nijeriya. Sun riƙe ta fiye da shekara 100. Sifen ta yi mulkinta ta tafi a 1821 ba ta ci su ba. Meksiko da ta gaje ta ma ba ta iya da su ba.

Hari kaɗai ba ya riƙe wa mutum ƙasa irin wannan. Doki da ɓauna ne jarinsu. Maza na farauta da kiwon dawakai, attajirinsu kan mallaki ɗaruruwa. Mata na jeme fatu, suna ɗinka tantuna, suna shanya nama. Amma nama zalla ba ya riƙe gida, don haka dole su shiga kasuwa. Suna kai dawakai da alfadarai da fatu da busasshen nama kasuwar Taos da garuruwan mutanen Wichita, su karɓo masara da ƙarfe da tufafi da taba da bindigogin da ke shigowa ta hannun Faransawan Luwiziyana. Har sai da harshensu ya zama harshen ciniki a filayen kudu baki ɗaya, kamar yadda Hausa take a zangon Kumasi. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Finlan, Pekka Hämäläinen, ya fitar da littafi a 2008 mai suna The Comanche Empire, inda ya ce abin da suka kafa daula ce. Akwai masanan da ke ganin ya kai kalmar nesa, tunda ba su da sarki guda ko fada. Amma babu mai ilimin abin da ke kiransu taron 'yan daji a yau.

Kada a ce na mai da su waliyyai. Sun yi ta'asa. A shekarun 1830 da 1840 rundunoninsu kan tsallaka cikin Meksiko har Chihuahua da Coahuila da Durango, su ƙone ƙauyuka, su koro dabbobi dubbai, su kashe mutane, su kama bayi. Arewacin Meksiko ya yi laushi sosai kafin sojojin Amurka su afka masa a 1846. Wannan duk gaskiya ne, Malam, kuma ban zo in wanke kowa ba. Inda muka raba hanya shi ne maganar da ka yi cewa an lallashe su ba su ji ba.

A 1779 gwamnan Sabuwar Meksiko, Juan Bautista de Anza, ya fita da runduna ya bi wani jagoran yaƙi da Sifaniyawa ke kira Cuerno Verde, wanda ya addabi garuruwansa, ya kashe shi. Mutumin da ke kai harin ya nema, da mayaƙansa. Bayan nan bai ce sai ya ga bayan ƙabilar ba. A 1786 ya zauna da wani babban shugabansu, Ecueracapa, aka ƙulla amana, aka buɗe musu kasuwar Pecos, aka tsara yadda za a riƙa ciniki da kyaututtuka. Wannan amana ta ci gaba har bayan mulkin Sifen ɗin kansa ya ƙare. Shekaru da dama talakawan Sabuwar Meksiko na ɗora kaya a kan jakuna da amalanke su shiga tsakiyar ƙasar Komanci su yi ciniki su dawo gida lafiya. Haka Jamusawan da suka kafa garin Fredericksburg a Teksas: a 1847 shugabansu John Meusebach ya shiga har cikin ƙasar Komanci aka yi yarjejeniya, kuma har yau mutanen garin na alfahari da cewa ba a karya ta ba.

Yanzu a dubi abin da gwamnatin Teksas ta yi a zamanin shugabanta Mirabeau Lamar, wanda ra'ayinsa ya fi kusa da naka. Ranar 19 ga Maris, 1840, shugabannin wani reshe na Komanci da ake kira Penateka suka zo San Antonio da matansu da 'ya'yansu don a yi sulhu. An nemi su kawo duk fararen fatar da ke tsare. Suka zo da yarinya guda, suka ce sauran suna hannun wasu rassa waɗanda ba su da iko da su. Haka tsarinsu yake, kowane reshe da shugabanninsa da majalisarsa: Penateka daban, Yamparika daban, Kotsoteka daban, Kwahadi daban. Mutanen Teksas ba su yarda ba. Suka rufe ƙofa suka ce shugabannin sun zama garkuwa. Faɗa ya kaure, aka kashe Komanci 35, ciki har da shugabanni 12 da mata da yara. Da labari ya isa sansanoninsu, yawancin fursunonin da ake son ceto aka kashe su don ramuwa. A watan Agusta na shekarar, wani jagora da Turawa ke kira Buffalo Hump ya taho da mahaya ɗaruruwa har bakin teku, suka afka wa Victoria, suka ƙone Linnville ƙurmus, mutanen garin suka tsira a cikin kwale-kwale. Garin bai sake tashi ba. Daga wannan rana zuwa ƙarshen yaƙin shekara 35 ce.

Ka ga ke nan maganar cewa ƙarfi ya gama da su cikin ƙanƙanen lokaci ba ta da tushe. Kuɗin goron da aka yi musu a San Antonio, aka kama wannan da laifin wancan, shi ya tsawaita zubar da jini. Abin da nake tsoro ke nan a shawararka. Matar da ke kawo mana nono da man shanu nan Yalwawa da hantsi, da yaron da ke kora 'yan shanun ubansa a bayan duwatsun Dutse, me ya haɗa su da mai ɗauke da bindiga a dajin Zamfara? Su ma sace musu shanun ake yi.

Fim ɗin The Searchers na 1956, wanda John Wayne ya fito yana neman 'yar ɗan'uwansa da Komanci suka sace, yana da tushe a wani labari na gaske, amma na gasken ya fi ɗaci. A 1836 Komanci suka kai hari wani sansani da ake kira Fort Parker, suka kashe mutane, suka tafi da yarinya 'yar kimanin shekara 9 mai suna Cynthia Ann Parker. Ta girma a cikinsu, ta auri wani jagora, Peta Nocona, ta haifi 'ya'ya uku. Bayan shekara 24, a Disambar 1860, dakarun Teksas suka afka wa wani sansani a kogin Pease, suka kama ta da 'yar jaririyarta, suka mai da ita wurin danginta. Jaridu suka yi ta murna an ceto ta. Ita kuwa Turancin ma ya kusa ɓace mata, ta yi ta ƙoƙarin gudu ta koma wurin 'ya'yanta maza, ana tsare ta. 'Yar ta rasu, ita ma daga baya ta bi ta, ba ta sake ganin sauran ba. Sau biyu aka raba baiwar Allah nan da iyalinta, kuma kowane ɓangare yana ganin shi ke da gaskiya. Babban ɗanta, Quanah Parker, shi ne ya zama jagoran Komanci na ƙarshe da ya ajiye makami.

To me ya karya su? Masana na ƙiyasta yawansu a ƙarshen ƙarni na 18 tsakanin dubu 20 zuwa dubu 40. Agana ta shiga cikinsu a 1780 da 1781. Ta dawo a 1848, kwalara ta biyo bayanta a 1849. Fari mai tsanani ya sauka tun daga tsakiyar shekarun 1840, ciyawa ta ƙone, ga dawakansu masu yawa suna gasar kiwo da ruwa da ɓaunar da suke ci, ga su kuma suna kashe ta fiye da kima don kasuwar fatu. Ragowar mutane sojojin Amurka suka tarar. A 1867 aka yi yarjejeniyar Medicine Lodge, aka ware musu wuri tare da Kiowa da wani reshen Apache, aka yi musu alkawarin abinci da damar farauta a kudancin kogin Arkansas. Abincin bai riƙa zuwa yadda aka ce ba. Sannan daga farkon shekarun 1870 masana'antu suka gano yadda za a jeme fatar ɓauna a yi bel ɗin injuna da ita, jirgin ƙasa ya iso Dodge City, maharba suka kwararo da manyan bindigogi suna feɗe fata su bar nama yana ruɓewa a fili. Dabbar da aka ƙiyasta ta kai miliyan 30 a farkon ƙarnin, kafin 1890 ba ta kai dubu ɗaya ba.

Waɗannan maharba Quanah da mutanensa suka kai wa hari a Adobe Walls a watan Yunin 1874. Ranar 28 ga Satumba Kanar Ranald Mackenzie ya sauka kan sansaninsu a kwarin Palo Duro da asuba. Mayaƙan da ya kashe ba su taka kara sun karya ba. Tantuna ya ƙone, da abincin da mata suka tanada don hunturu, sannan ya sa aka harbe dawakai fiye da dubu. Sanyi da yunwa suka ƙarasa aikin. A watan Yunin 1875 Quanah ya shigo Fort Sill da mutanensa. Duk Komancin da suka rage a lokacin ba su wuce kimanin 1,500 ba. Wannan shi ne maganin da kake yaba mana, Malam: a sa wa tsofaffi da ƙananan yara yunwa har mazan su durƙusa. Ban san a wane babin fiƙihu za ka samo mana halaccinsa ba. Ita ɓauna ma ba ta da mai ita. Shanun da kake magana a kansu dukiyar 'yan ƙasa ce, su ake kaiwa Maigatari ranar Alhamis, su ake kaiwa Gujungu da Shuwarin, da su mahauta da dillalai da direbobi da masu jima ke ci da iyalinsu.

Ka kuma tsaya a 1875 kamar labarin ya ƙare a nan. Wurin da aka killace su ya kai kusan eka miliyan 3, da alkawarin nasu ne. Ba a cika shekara 30 da ajiye makami ba aka yanka wa kowane mutum eka 160, ragowar aka raba wa baƙi ta hanyar jefa ƙuri'a a 1901. A ranar 6 ga Agusta na shekarar aka kafa garin Lawton a kan filin. Wani shugaban Kiowa, Lone Wolf, ya kai ƙara, a 1903 kotun ƙolin Amurka ta ce majalisa na da ikon soke yarjejeniyar da aka yi da su. Bafulatanin da ka ce a tattara a waje guda bai karanta wannan shari'a ba, amma ya san irinta. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo. A je a duba nawa suka rage ba a mai da su gonakin manya ba, a duba burtali nawa ne saniya za ta bi daga farko har ƙarshe ba ta ci karo da shuka ba.

An kwashi 'ya'yan Komanci zuwa makarantun kwana ana hukunta su in sun yi harshensu. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, rundunar Amurka ta ɗauki samarinsu 17 don su riƙa aika saƙon sirri da wannan harshen, 14 suka tafi Turai, da su aka sauka gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944, kuma Jamusawa ba su taɓa warware saƙonsu ba. Faransa ta karrama waɗanda suka rage a 1989. A 2009 majalisar Amurka ta amince da wani ƙuduri na neman afuwar 'yan asalin ƙasar kan abin da aka yi musu. Yau Komanci kimanin dubu 17 ne masu rajista, da hedikwatarsu kusa da Lawton, suna fafutukar ceto harshen da masu jinsa sosai suka kusa ƙarewa. Masu abin sun ce sun yi kuskure, kai kuma kana ce mana mu ɗauka.

Da ma ba sai mun tsallaka teku ba. Mu mutanen Dutse muna da namu a bayan gida. Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza da wasu malamai na Tsakuwa suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kan Butawa da Warjawa da Pa'awa da sauran mutanen dutse waɗanda da ma suna jin jiki da hare-haren neman bayi daga masarautu. Rigimar haraji ce ta zama yaƙin fiye da shekara 50. Zamanin Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, Ningawa sun hana kudancin Kano barci, sun taɓa Bauchi da Zazzau, kuma ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Gwaram na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya ƙarar da shekaru yana yaƙarsu yana ƙarfafa ribaɗi a wannan iyaka. Da duk dawakan Kano da arzikinta ba a gama da su ba har Turawa suka isa Ningi a 1902. Wanda ya rubuta tarihin nan tiryan-tiryan ma baƙar fatar Amurka ne, Adell Patton, a kundin digirinsa na uku na 1975.

Kakanninmu sun kira Ningawa da duk sunan da ka kira Komanci. Yau Ningi masarauta ce mai sarkin yanka a jihar Bauchi. Mai zuwa Bauchi daga nan ta Birnin Kudu sai ya ratsa ta, ya tsaya ya yi salla ya sha ruwa. Warjawa maƙwabtanmu ne, muna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yanmu na zama aji ɗaya. Da wani sarki ya samu ikon yin abin da Mackenzie ya yi, da waɗannan mutane babu su.

Akwai wuri guda da kwatancenka ya zauna, sai dai ba ka lura da shi ba. A shekarun 1860 da farkon 1870 shanun da Komanci ke korowa daga Teksas ba cinye su suke yi ba. Fatake ne daga Sabuwar Meksiko ke zuwa su saya, su biya da bindiga da harsashi da kayan masarufi, shanun su ƙare a hannun masu kuɗi a cikin gari. Da ɗan gari akan ci gari. Ɓarawon shanu na yau ma ba a daji yake cinye garke ba. Akwai mai mota, akwai dillali, akwai mai kai mai da burodi da ƙwaya, akwai mai sayar da harsashi, akwai mai karɓar kuɗin fansa ya juya su. Yawancinsu a gari suke kwana. Wanda ya ɗauki makami ya kashe mutane, hukuma ta bi shi da duk ƙarfinta, ko wane yare yake ji, ba ni da ja a kan haka. Kiransa Komanci ma girmama shi ne, domin su al'umma ce da aka zo aka tarar a ƙasarta, shi kuwa mai laifi ne da ke kashe 'yan'uwansa.

Jihar Jigawa na da hukumar sasanta manoma da makiyaya, ƙasar nan na da hukumar ilimin makiyaya tun 1989, muna da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo da suka san kowace ruga da kowace gona. Ina roƙon Malam ya janye waccan shawara, ya juyo da alƙalaminsa kan waɗannan: ya tambaye su burtali nawa aka shata aka kare a bana, makarantun rugage nawa ke da malami, diyyar ɓarna nawa aka biya manomi a kan lokaci, kuma mai sayen shanun sata nawa aka gurfanar a gaban alƙali.